Arahar Ɗaki da Tsadar Unguwa

Tun daga babban taron shugabannin ƙasashen Afirka da aka yi a Yamai cikin watan Yuli na shekara ta 2019, birnin ya samu ɗakunan saukar baƙi fiye da yadda ya taɓa samu. Saboda wannan taro ne aka buɗe manyan otel irin su Radisson Blu da Noom da Bravia, suka tarad da na dauri kamar Gaweye da Grand Hôtel waɗanda ke bakin kogin Isa. Bayansu kuma ƙananan masaukai suka yi ta tsira cikin unguwanni, wasu ma gidajen zama ne aka shafa wa fenti aka kafa allo a ƙofa. Taro ya watse, annobar korona ta shigo a 2020, sa'an nan daga 2023 baƙin ƙasashen waje suka ƙara raguwa. Ɗakuna suka yi yawa, masu kwana suka yi kaɗan. Abin da kan biyo bayan wannan kowane ɗan kasuwa ya san shi, watau rangwame.

Yau ma'aikacin da ke Tawa ko ɗan kasuwar da ke Damagaram yana iya kama ɗaki a Yamai tun bai ɗaure kayansa ba. Ya duba wayarsa, ya ga hoton gado da labule a Facebook ko a Booking.com, ya ga an soke tsohon farashi an rubuta sabo, ya aika da kuɗi. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Amma akwai abin da hoton ba ya nunawa, shi ne abin da ke bayan katangar otel ɗin. Alhali kuwa wanda ya sayi kwana a ɗaki, ko ya sani ko bai sani ba, har da unguwar ya haɗa ya saya.

A ɗauki misalin malamin lakwal da ya taso daga Maraɗi ranar Laraba domin bin takardunsa a ma'aikatar minista. Tafiyar kilomita wajen 660 ce. Motar da ta tashi da asuba sai yamma take shiga Yamai. A ce ya samu ɗakin jika 25 an mayar da shi jika 15, ya biya na kwana 3 tun yana gida, yana murna jika 30 ta rage masa a aljihu. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne a ƙasar da aka tsai da mafi ƙanƙantar albashi a kan jika 42 a wata cikin Janairun 2024. Sai da ya sauka a tasha ya gane cewa masaukin nasa yana can ƙarshen Harobanda, a ƙetaren kogi, biron da yake nema kuwa yana Plato. Mai taksi ya ce ba ya shiga wannan lungu sai an biya shi kuɗin mutum biyu. Da safe ga cunkoso a kan gadar Kennedy, wadda ke ɗauke da jama'ar gaɓa biyu tun 1970. Ko da yake an ƙara gada ta biyu a 2011 da ta uku a 2021, mai nufin tsakiyar gari ta nan ya fi bi. Ya isa biro ranar Alhamis ya tarar darakta ya shiga taro. Washegari Juma'a, ranar da ba a kai la'asar a wurin aiki, ya tarar layi ya riga shi. Ba a ce kusancin ɗaki ne ke sa hannu a takarda ba, amma wanda ya riga zama kan benci shi ake fara kira. To, ke nan sai Litinin, komawa gida kuma sai Talata. Ƙarin kwana 3, ko da a kan farashin rangwamen, jika 45 ke nan, ban da kuɗin taksi, ban da abinci, ban da ƴan lakwal da ya bari babu malami.

Nan ne mutane da yawa suke kuskure wajen yanke hukunci. Malamin nan zai koma gida yana cewa otel ɗin ba shi da kyau, unguwar ma ba ta da kyau. Ba lalle ne gaskiyarsa ta cika ba. Wannan ɗakin da ya wahalar da shi, da uban da ya zo ganin ɗansa a jami'ar Abdou Moumouni ne ya same shi, ko mai jinyar da ke da maras lafiya a asibitin Lamorde, da sun ce sun yi gamon katar, domin jami'ar da asibitin duk a wannan gaɓar suke. Haka ɗan kasuwar da ya zo sarin kaya, ɗakin da ke kusa da Babbar Kasuwa ko Katako ko Wadata ya fi masa amfani, duk da ƙarar motoci da ihun ƴan dako tun da sassafe. Unguwa ba ta da kyau ko muni ita kaɗai, sai an auna ta da abin da ya kawo baƙo gari.

Saboda haka makin da ake gani a intanet yana bukatar a karanta shi da hankali. Booking.com yakan nemi wanda ya kwana ya ba da maki bisa 10, a kan tsabta, da halin ma'aikata, da wurin da otel yake, da sauransu. Amma wane ne ya ba da makin? Sau da yawa baƙo ne na wata ƙungiya ko kamfani, wanda ke da mota da direba a ƙofa. A gare shi kyakkyawan wuri shi ne mai shiru, mai doguwar katanga, nesa da hayaniya. Irin wannan wurin shi ne mafi tsada ga mai tafiya da ƙafa, domin babu mai shayi a bakin titi, babu mai tuwo, babu mai kanti, taksi ma sai an yi tattaki kafin a gan shi. Wanda yunwa ta kama da dare dole ya ci a cikin otel, inda farantin shinkafa ɗaya kan cinye rabin abin da aka rage masa. Wani baƙon kuma sai ya rubuta cewa unguwa ta dame shi da kiran salla da ƙarar injin niƙa da wasan yara. Wannan ba aibi ba ne, zaman jama'a ne, kuma ga mafi yawan masu karanta wannan shafi alama ce ta cewa akwai masallaci kusa, akwai mutane a titi, akwai wanda za a tambaya hanya idan dare ya yi.

Sai dai kada mai otel ya fake da wannan magana. Akwai abubuwan da ke wuyansa shi kaɗai, kuma rangwame ba ya sauke masa su. Ya kamata jama'a su gane cewa rangwame ba sadaka ba ce. Ɗakin otel kamar tumatir yake a hannun mai sayarwa da yamma: daren da ya wuce babu kowa a ciki ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar gobe. Albashin ma'aikata da kuɗin wuta da haraji kuwa ba su jira. Don haka mai otel ya gwammace ya karɓi jika 15 da ya rufe ƙofa a kan iska, ko da kamfanin intanet zai cire nasa kason, wanda yakan kai wajen 15 cikin 100. Ciniki ne aka yi, kowa ya ga ribarsa. Ba daidai ba ne baƙo ya iso a dube shi da idon mai roƙo, a tura shi ɗakin da ke jikin injin wuta ko wanda tagarsa ke kallon bola, idan ya yi magana a ce masa ai araha ba ta ado. Karin maganar gaskiya ce a kan ado. Ba ta shafi ruwan wanka ba, ba ta shafi zanen gado wankakke ba, ba ta shafi makullin ƙofa da gidan sauro ba.

Maganar wuta ta fi kowace nauyi. Kowa ya san zafin Yamai cikin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40. Kowa kuma yana tuna yadda aka sha duhu sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take aikowa, daga Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. Ɗaukewar wuta ba laifin mai otel ba ne, kuma baƙon da ya zage shi a kan haka bai yi adalci ba. Laifinsa yana farawa ne daga inda ya rubuta a talla cewa yana da na'urar sanyaya ɗaki da injin wuta, wanda ake kira gurup, sa'an nan wuta ta ɗauke ya ce babu mai, ko ya tada injin amma ya haɗa shi da ɗakunan masu cikakken farashi kaɗai. Haka batun ruwa: yankewar pampo ta gari ce, rashin tanki a kan soro kuwa na mai gida ne. Mai hukunci na gari shi ne wanda ya iya raba waɗannan biyu.

Lokacin shekara ma yana cikin lissafi. Hotunan talla galibi da rani ake ɗaukarsu. A daminar 2020 kogin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga Lamorde da Kirkisoy da Saga, dubban mutane suka bar gidajensu. Ba sai an kai ga irin wannan masifa ba. A unguwannin da babu kwalta babu magudana, ruwan dare ɗaya cikin Agusta ya isa ya hana taksi kusantar ƙofa, ya tara kududdufin da sauro ke so. Maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya cikin farashin da aka soke aka rubuta sabo.

Akwai kuma wata ƴar matsala ta adireshi. Cikin watan Oktoba na 2024 an sake wa wasu wurare suna a Yamai; titin da ake kira Charles de Gaulle, alal misali, ya koma titin Djibo Bakary. Tsohon suna yana iya zama a talla bayan an cire shi daga allo. Ko ba wannan ba ma, mai taksin Yamai ba da sunan titi yake aiki ba, da alama yake aiki: kusa da wace kasuwa, bayan wane gidan mai, daura da wane masallaci. Wanda zai biya kuɗi ya fara buga waya ya nemi wannan alamar, sa'an nan ya tambayi wani ɗan'uwa mazaunin birnin nisan wurin da inda za shi. Ya tambaya ko haraji da karin kumallo suna cikin farashin. Ya tambaya kuma ko ana mayar da kuɗi idan tafiya ta fasa, domin mafi yawan manyan rangwame sharaɗinsu ke nan, an biya an biya.

A zamanin fatake ba a san wannan ruɗani ba. Baƙo yakan sauka a zango wurin fatoma, shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nuna masa dillali, ya gaya masa inda ba a bi da dare. Sunan fatoma ke ɓaci idan baƙonsa ya cutu, labarin kuma ya bi ayari har garuruwan nesa. Har yanzu akwai unguwar Zongo a tsakiyar Yamai tana tuna wa mutane wannan tsari. Wayar hannu ta karɓi aikin nuna ɗaki da karɓar kuɗi, amma ba ta karɓi sauran aikin fatoma ba. Mai otel mai wayo shi ne wanda zai ɗauki wannan aikin da kansa, ya gaya wa mai kira gaskiya: idan Plato ce gabanka, wurinmu ya yi maka nisa. Zai rasa kwana 3, amma ranar da mutumin zai kawo ɗansa jami'a ba zai nemi wani wuri ba.

Hukumomi ma suna da abin yi, kuma ba mai cin kuɗi ba ne. Ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido tana iya tilasta wa kowane masauki, babba da ƙarami, ya manna farashin ɗakunansa a wurin karɓar baƙi, da faransanci da harsunan ƙasa, tare da haraji a ciki, domin a san ko farashin da aka soke a talla ya taɓa zama gaskiya. Sananniyar dabara ce a ɗaga kuɗi a takarda don a nuna an rage. Masu binciken tsabta su riƙa buɗe ɗakunan baya, kada su tsaya kan wanda aka share dominsu. Ma'aikatun da ke kiran mutane daga jihohi zuwa taro ko horo kuwa, tun da sun san wurin da za a zauna, ba zai gagare su ba su ƙara layi biyu a ƙarshen takardar gayyata, su ambaci unguwannin da ke kusa da zauren taron da kuma sa'ar da ake buɗe ƙofa.