Kwalba Muka Aro, Darasin Muka Bari

Ku yi mini afuwa, yau ba ci gaban labari na zo da shi ba. Wata magana ce ta tokare mini maƙogwaro, in ban furzar da ita ba alƙalamina ba zai yi gudu ba. Maganar kuwa ita ce sabon yayin nan na fasa kwalbar wain a wajen walima, wanda ya faro daga manyan otal na birni, yanzu ga shi ya gangaro har ƙauyukanmu na Dambatta da Bichi da Makoɗa.

Kwanan baya muka yi wa wani abokinmu malamin makaranta walimar bankwana a wani ƙauye kusa da Dambatta, don an yi masa canjin wajen aiki zuwa Abuja. Matan gida tun asuba suke fama, suka haɗa zoɓo mai kanumfari da citta cike da babbar roba, ga fura da nono a ƙwarya. Sai ga wani daga cikinmu ya sauko daga mota da kwali, kwalabe ne masu wuya naɗe da takardar zinare. Ya ce da mai walima, "Malam, wannan ba irin ta bakin titi ba ce, ta yi shekaru a ajiye, sai an shanshana kafin a kurɓa." Nan fa manya da gemunsu suka shiga jujjuya kofin roba suna kaɗa kai. Na juya bayan kwalbar, ruwan inabi ne da sukari da iskar gas, babu giya ko ɗigo, ga ranar lalacewarsa ɓaro-ɓaro. Zoɓon kuwa almajirai ne suka more shi da yamma.

To jama'a, ina tsufa ga abin da aka rubuta masa ranar mutuwa? Giyar inabin da Turawa ke ajiyewa shekara ashirin ko hamsin, sinadarin mayen da ke cikinta da tsami da baurin ɓawon inabi ne ke riƙe ta. Ita kuwa kowa ya san matsayinta a Kano tun da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000. A 2022 ma Hisba ta farfasa kwalaben barasa kusan miliyan 4 a Tudun Kalebawa cikin Dawakin Tofa. Ashe mu da ke jujjuya kofi, ba mu ga tsuntsu ba mu ga tarko: ba mu sha abin da muke kwaikwayo ba, kuma mun wulaƙanta namu.

Bari in gaya muku abin da ya sa tsohuwar giya ke tsada a wajen masu ita. A 2018 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da kwalba ɗaya tak ta Romanée-Conti a birnin New York kan dala 558,000. Inabin cikinta an girbe shi a 1945, kuma kwalabe 600 kawai aka yi a shekarar. Gonar da ke Faransa ko hekta 2 ba ta kai ba, akwai magidanta a ƙauyenmu da gandunsu ya fi ta girma. Wanda ya zuba wannan kuɗi sunan gona ya saya, da shekarar girbi, da amanar manomi. Tun 1855 Faransawa suka jera manyan gonakin Bordeaux daraja-daraja, a 1935 kuma suka kafa hukumar da ke tsare sunan yanki, shi ya sa a ƙasarsu ba ka isa ka kira abinka shamfen ba sai in daga yankin ya fito. Wato manominsu suke girmamawa a duk lokacin da suka ɗaga kofi. Mu fa wa muke girmamawa?

Abin takaici, wannan hikima ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun san goro ɗan Laboji, iyayenmu sun san gurasar Jakara da kilishin Agadasawa, kowane da sunan garinsu ko unguwarsu. Tsohuwa takan ɗanɗana fura ta ce wannan gero ne, waccan maiwa ce, wannan sabon girbi ne, wancan ya shekara a rumbu. Ƙasar nan tamu ana noma ta kowace damina ba hutu, da takin da jaki ke kaiwa a mangala, har iyakar gona ba a bari banza, yakuwa ake jerawa. Amma ku je kasuwar Dawanau ku ga yadda ake ɗura zoɓon a buhu ana lodawa zuwa Meziko, inda suke shan sa da ƙanƙara suna kiran sa da sunan da suka ga dama. Babu sunan ƙauye a buhun, babu na manomi, babu shekara. Mu sayar da namu a mudu, mu sayo na wani a kwalba. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Marubuta 'yan uwana, da hannunku a ciki. Littafi nawa ne da zarar Alhaji ya shiga falo sai amarya ta buɗe firij ta ɗauko wain da tambulan? Zoɓo da kunu kuwa sai a gidan talakawa ko hannun 'yar talla. Yarinyar da ta karanta irin wannan sau goma, ranar bikinta kunyar robar zoɓon gyatumarta za ta ji. Yaron da ya tashi yana ganin burgewa a tashin murfin kwalba da kumfa, wa ya tabbatar mana kullum zai tsaya karanta bayan kwalbar?

Na san za a ce ai halal ne, kuma kowa da kuɗinsa. Hukunci na malamai ne, ni ba fatawa nake ba. Tambayata ɗaya ce: mutumin da zai bar gida, me ya kamata ya tafi da ɗanɗanonsa a baki? Abin da zai samu a kowane kanti a Abuja, ko abin da ya tsiro a gonar ubansa?

Don haka in za ku yi bankwana da wani, ku damo masa fura, ku ce geron gonar wane ne. Ku zuba zoɓo a tambulan mai kyau, ku faɗi ƙauyen da aka ciro shi da hannun da ya haɗa. Matasanmu masu neman sana'a su ɗura shi a kwalba mai tsabta su rubuta Dambatta ko Kunchi a jiki da manyan baƙaƙe. Marubuta kuma su bar attajirin labari ya sha kunun tsamiya a falonsa, arzikinsa ba zai ragu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya sa mu gane. Labarinmu zai ci gaba a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.