Kiran Lambobin 0700: Wa Ya Kamata Ya Biya Kuɗin Jira?

Duk ɗan kasuwar da ya juya bayan katinsa na cirar kuɗi, ko ya duba takardar da banki ya ba shi, zai ga lambar wayar da aka ce ya kira in ya sami matsala. Da yawa daga cikin waɗannan lambobi da 0700 suke farawa, kaɗan kuma da 0800. A ido bambancinsu bai taka kara ya karya ba, amma a aljihu yana da girma. A lambar 0800 kamfanin da aka kira shi ke biyan kuɗin kiran. A lambar 0700 kuwa mai kiran ne ke biya, tun daga lokacin da na'ura ta ɗauka har zuwa lokacin da ya ajiye.

Ra'ayinmu shi ne, bai dace a ɗora wa mai ciniki kuɗin kai ƙara a kan laifin da ba nasa ba. Kamfanin da ya karɓi kuɗin mutum, aikinsa ya sami tangarɗa, shi ya kamata ya ɗauki nauyin kiran da za a yi don gyara.

A zamanin NITEL lambar waya ita ke faɗin farashinta. Wanda ya ga 064 ya san Kano ce, 062 Kaduna, 066 Minna, 067 kuma Kontagora, kuma ya san gwargwadon nisan gari gwargwadon abin da zai biya. Da wayar salula ta shigo a 2001, bayan da kamfanoni suka sayi lasisi a kan Dala miliyan 285 kowannensu, sai lambar ta koma nuna kamfani, kamar 0803 ta MTN da 0802 ta Econet. Jama'a suka haddace wannan, domin a lokacin minti ɗaya Naira 50 ne, kuma ko daƙiƙa goma mutum ya yi sai ya biya kuɗin minti cur, har sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa.

Lambobin 0700 da 0800 ba su nuna gari, ba su kuma nuna kamfanin waya. Lambobi ne da banki ko kamfanin inshora ko na jirgin sama kan yi haya, domin a same shi da lamba ɗaya daga ko'ina a ƙasar nan. Wannan ci-gaba ne babu shakka. To amma 0700 ta yi kama da 0703, 0800 kuma ta yi kama da 0803, don haka mai kira ba ya da wata alama da za ta shaida masa cewa ya shiga wani tsarin farashi na daban. Bugu da ƙari, sau da yawa sharuɗɗan garaɓasar da kamfanonin waya ke bayarwa sukan keɓe lambobi na musamman, ta yadda mutum zai ga yana da garaɓasa jingim amma a ci uwar kuɗinsa.

A yankunan karkara ne wannan al'amari ya fi cizo. Mu ɗauki garin Auna da ke Ƙaramar Hukumar Magama, a masarautar Kontagora ta Jihar Neja. Yanki ne na manoman masara da dawa da wake da shinkafa, ga kuma masu fataucin kifi daga tafkin Kainji. Yawancin rassan bankunan wannan yanki suna Kontagora ne, saboda haka ɗan kasuwar Auna ya dogara ne ga masu POS da kuma wayarsa, musamman tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, wanda ya tilasta wa har masu sayar da hatsi a mudu karɓar kuɗi ta waya. Idan aka cire masa kuɗi ba su isa wurin wanda ya tura wa ba, zaɓi biyu gare shi: ya rufe rumfa ya biya kuɗin mota zuwa Kontagora, ko ya kira lambar banki.

Bari mu yi lissafi. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da kashi 50 cikin 100, abin da ya kai minti ɗaya kimanin Naira 16 da Kwabo 50. In muka ɗauki wannan farashi a matsayin misali, kiran minti 20, wanda mafi yawansa sauraron kiɗa ne da danna lambobi, zai ci Naira 330. In sai an kira sau uku kafin a warware matsalar, an kashe Naira 990 ke nan. Wanda Naira 2,000 ce ta maƙale masa, kusan rabin haƙƙinsa ya tafi wajen neman haƙƙin. Mai hankali sai ya haƙura, kuma kowane haƙuri irin wannan riba ce ga wanda kuɗin suka maƙale a hannunsa.

Babban Bankin Nijeriya ya ba da umurni a watan Yuni na 2020 cewa a warware cinikin POS da ya sami matsala cikin awa 72. Umurni ne mai kyau, sai dai haƙƙin da nemansa ya fi ƙarfin mai shi, a takarda kawai yake.

A ilmin tattalin arziki akwai ƙa'ida sananniya: a ɗora nauyin asara a kan wanda ya fi ikon hana ta. Tsawon layin masu jira a waya ba mai kira ne ke yanke shi ba. Kamfani ne ke zaɓar ma'aikata nawa zai ɗauka, da harsunan da za su ji, da yawan matakan da mutum zai bi kafin ya ji muryar ɗan Adam. Idan mai kira ke biyan kuɗin jira, kamfani ba ya asarar ko kwabo in layin ya yi tsawo, don haka ba shi da dalilin ƙara ma'aikata. Ranar da lissafin ya koma kansa, kowane minti na jira zai bayyana a littafin kashe-kashensa, kuma a ranar manaja zai fara tambayar abin da ya sa ake ajiye mutane minti 20. A yanzu dai kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya. A Ingila an daɗe ana cajin masu wayar salula in sun kira 0800, alhali kyauta ne daga wayar gida. A 2014 doka ta hana kamfanoni sa wa wanda ya riga ya sayi kayansu kuɗin da ya wuce na kiran yau da kullum in ya kira don koke. Daga 1 ga Yuli, 2015 kuma, hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta mayar da kiran 0800 kyauta daga kowace irin waya, ta kuma wajabta a raba farashin sauran lambobi na musamman gida biyu, rabon kamfanin waya da rabon wanda aka kira, kowanne a bayyana shi a fili.

A nan gida ma an nuna abin yana yiwuwa. Lambar 112 ta agajin gaggawa kyauta ce, haka 622 ta kai ƙarar kamfanonin waya ga NCC. A 2023 hukumar ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin duka, ta yadda 310 ta zama ta duba kuɗi, 311 ta sa kati, 300 kuma ta kiran ofishin kula da abokan ciniki. Haka nan dambarwar lambobin banki masu farawa da alamar tauraro, wato USSD, ta koya mana darasi. An tsayar da farashin Naira 6 da Kwabo 98 a watan Maris na 2021, aka shafe shekaru bankuna da kamfanonin waya suna jayayya a kan bashin biliyoyin Naira, daga bisani a watan Yuni na 2025 aka koma cire kuɗin kai-tsaye daga katin wayar mai ciniki. Manya biyu suka yi rigima, aka sasanta a aljihun ƙarami. Amma ko ba komai, a wannan tsari farashin sananne ne tun kafin a fara.

Kamfanoni za su ce layin kyauta yana da tsada, kuma masu wasa da waya za su cika shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tana da magani. Ana iya neman mai kira ya shigar da lambar asusunsa kafin a haɗa shi da ma'aikaci. Ana iya karɓar lambarsa a ajiye, sannan kamfani ya kira shi. Za su kuma ce a ƙarshe mai ciniki ne zai biya ta wata hanya. Haka ne, amma kuɗin da aka raba a kan dukkan abokan ciniki, kamfani kuma yana fafutukar rage shi, ya fi adalci a kan wanda aka jibga wa mutumin da tsautsayi ya faɗa wa shi kaɗai.

Don haka muna kira ga NCC da Babban Banki su yi abubuwa uku. Na farko, duk banki da kamfanin hada-hadar kuɗi ya tanadi lambar kyauta ta kai koke da ta toshe katin da ya ɓata. Na biyu, duk inda aka buga lambar 0700, a buga farashin minti a gefenta, a kuma faɗe shi da baki kafin a fara caji, da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa. Na uku, kamfanonin waya su lissafa kiran 0700 cikin mintocin da mutum ya riga ya saya, kamar kowane kira.

Kafin hakan ta tabbata, shawararmu ga 'yan kasuwa ita ce su duba kuɗin wayarsu kafin kira da bayansa, su nemi lambar shaidar koke tun a kiran farko, su kuma tambayi bankinsu ko yana da lambar 0800. Wanda kuma kasuwancinsa ya bunƙasa har yake tunanin yin hayar lamba ta musamman, ya tuna cewa mai kiransa da koke yana ba shi labarin inda rufinsa ke yoyo ne. Ba a karɓar kuɗi a hannun mai kawo irin wannan labari.