Shirin Zaune Ya Fi Na Tsaye

Mun ji sanarwa a wajen asambuli cewa kulob ɗin JETS zai sake haɗa mutum-mutumi domin gasar makarantu ta bana. Mu 'yan ƙaramar sakandare mun yi murna, amma muna da magana, kuma muna roƙon yayyenmu na babbar sakandare su saurare mu.

Duk mun ga abin da ya faru bara. An sayo mota biyu da tayoyi da allon Arduino, aka hau haɗawa tun kafin a karanta dokokin gasar har ƙarshe. An yi gangar jikin da katako mai kauri don ya yi kyau a ido, sai nauyi ya fi ƙarfin motocin. An kuma sa ƙaramin batir ɗin nan mai volt 9, wanda ba ya jure jan mota. Ranar gasa mutum-mutuminmu ya yi tafiya kaɗan ya tsaya cik a gaban jama'a. Kuɗin da iyayenmu suka tara ta hanyar PTA ya tafi a banza. Idan aka maimaita haka, wa zai sake ba mu ko sisi?

Ra'ayinmu shi ne, kada a sayi komai sai an zauna da takarda da fensir. A fara da tambaya: mene ne aikin da aka ce ya yi? Idan bin baƙin layi ne a kan farin fili, sensa biyu a ƙasa sun isa, domin fari yana mayar da haske, baƙi kuma yana shanye shi. Idan kauce wa bango ne, akwai sensar da ke aiki kamar jemage, tana tura sauti ta jira ya dawo, sai ta gane nisan abin da ke gabanta. Sanin aikin shi zai nuna abin da za a saya.

Bayan zane, a yi samfuri da kwali. Kwali kyauta ne a shagunan unguwa, in an yi kuskure a yanka wani. A auna nauyi, a gwada batir a ga minti nawa zai yi. A bar makonni biyu na ƙarshe don gwaji da gyara kawai.

Wasu za su ce ba mu da kaya kuma lokaci ya ƙure. A gasar FIRST Global ta 2017 a birnin Washington na Amurka, 'yan mata shida daga Herat a Afganistan sun samu kayan aikinsu a makare, an kuma hana su biza sau biyu kafin a bari su shiga. Duk da haka sun haɗa nasu mai rarrabe ƙwallaye, har suka samu lambar azurfa ta jarunta. Shekarunsu ba su fi namu da yawa ba.

Don haka a sa mu a cikin aikin, maza da mata. Ko ba mu iya rubuta umarnin kwamfuta ba tukuna, mun iya zane da awo da rubuta sakamakon gwaji. Yayyenmu na SS3 za su tafi baɗi. In ba a koya mana yanzu ba, wa zai gaje su?

Muna roƙon malaminmu na fasaha ya kira zaman farko a wannan makon. Mu za mu zo da kwali da almakashi. Allah ya ba makarantarmu nasara, amin.