Birki Ba Ya Tsinkewa Da Kansa

Akwai jumla guda da ta zama tamkar hatimi a ƙarshen labarin haɗarin mota: birki ne ya tsinke. Da zarar an furta ta, sai a rufe bincike, a kwashe gawawwaki, a jawo tarkacen tirela gefen titi, kowa ya kama gabansa. Ana faɗinta kamar yadda ake faɗin saukar aradu, wato abin da ba hannun kowa a ciki. Tarihin ƙirƙirar birki ya ƙaryata wannan fahimta. Fiye da shekara 150 ke nan da injiniyoyi suka gano yadda za a gina birki ta yadda lalacewarsa za ta tsayar da abin hawa. Duk inda aka ga akasin haka, a bi sawu, yawanci za a tarar da mutumin da ya auna kuɗi da rai ya zaɓi kuɗi.

A farkon zamanin jirgin ƙasa a Amurka, da ƙarfin damtse ake tsayar da jirgi. Direba ya busa usur, ma'aikata su bi saman taragai da gudu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, suna murɗa birkin kowane tarago da hannu. Da yawa sun faɗo sun mutu. A 1869 George Westinghouse, yana ɗan shekara 22, ya sami takardar mallakar fasahar birki mai aiki da matsin iska: direba ya buɗe bawul, iska ta bi bututu ta damƙe ƙafafun taragai. Sai dai akwai ɓaraka. In tiyo ya fashe, ko tarago ya ɓalle, iska ta tsere, birki ya tafi daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

A 1872 ya juya dabarar baki ɗaya. Ya sa wa kowane tarago nasa tankin iska da bawul na musamman, ya mai da matsin da ke cikin bututu shi ne mai riƙe birki a sake. Matsi na raguwa, bawul ya saki iskar tanki ta damƙe ƙafa. Saboda haka fashewar tiyo ko ɓallewar tarago kan tsayar da jirgin nan take. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowane ƙarfe daraja a tarihin birki: a gina na'ura ta yadda in ta gaza, za ta gaza wajen tsayawa.

Mai tsammanin kamfanoni sun rungumi wannan dabara don ganin amfaninta bai san su ba. Ranar 12 ga Yuni 1889, shekara 17 bayan ƙirƙirar, wani jirgin yawon buɗe ido cike da yaran makarantar coci ya kasa hawa tudu kusa da Armagh a ƙasar Ailan. Birkinsa irin wanda ke mutuwa ne in an raba bututu. Ma'aikata suka raba jirgin biyu, suka tokare ƙafafun taragan baya da duwatsu. Taragan suka murƙushe duwatsun, suka gangaro suka yi karo da jirgin da ke biye. Mutum 80 suka rasu, da yawansu yara. Kafin shekarar ta ƙare majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tilasta wa jiragen fasinja birki mai kama kansa. Amurka ta yi tata a 1893, bayan doguwar gwagwarmayar mutane irin su Lorenzo Coffin. Fasahar tana nan tun tuni, gawa da doka ne suka sa aka saye ta.

Haka labarin ya maimaita kansa a mota. Bosch da Mercedes-Benz sun fito da birkin ABS mai kwamfuta a 1978, wanda ke saki yana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa don kada taya ta daskare ta zame. Na'urar da ke daidaita mota in ta fara juyawa a kwana ta biyo baya a 1995. Dukansu sun fara ne a matsayin ƙawar motocin masu hali. Sai da Amurka ta wajabta ta biyun a sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a 2014, sannan mai ƙaramin ƙarfi ya same ta ba tare da ƙarin ciniki ba.

Yanzu birki ya shiga sabon gida, wato injin lantarki. Masu tallar motocin lantarki na gabatar da birki mai mayar da wuta kamar abin da aka haifa jiya, alhali kamfanin Frank Sprague ya fito da shi tun 1886, kafin ya shimfiɗa layin taragon lantarki na birnin Richmond a 1888. Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Injin lantarki da janareto abu ɗaya ne: in an ba shi wuta ya juya taya, in taya ta juya shi ya ba da wuta. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, na'urar da ke sarrafa wutar injin kan juya aikin, gudun motar ya koma caji a batir, motar ta rage gudu. Ƙarfin da birkin gargajiya ke ƙonawa ya zama zafi, wannan yana adana wani kaso nasa.

Abu ne mai kyau, amma yana da iyaka da talla ba ta faɗi. Batir da ya cika ba ya karɓar wuta, don haka motar da ta fara gangara da cikakken caji ba za ta dogara da shi ba. Ƙarfinsa kuma kan ragu in gudu ya yi ƙasa sosai. Dole birkin gogayya ya kasance a shirye, manhaja kuma ita ke yanke hukuncin wanda zai kama da lokacin da zai kama. A 2010 Toyota ta janye motoci sama da dubu 400, galibi Prius, don gyara manhajar birki, bayan direbobi sun koka cewa birkin kan yi jinkiri na ɗan lokaci a kan hanya mai gargada. Tambayar Westinghouse ba ta tsufa ba: in waya ta tsinke, in kwamfuta ta rikice, motar tsayawa za ta yi ko wucewa? Duk kamfanin da ya kasa amsa wannan a gaban hukuma bai cancanci lasisin sayarwa ba.

Ko ƙa'idar kanta ba ta jure sakaci. Ranar 5 ga Yuli 2013 da dare an ajiye jirgi mai tankokin ɗanyen mai 72 a kan tudu sama da garin Lac-Mégantic a Kanada. Ma'aikaci ɗaya ne tal ke tafiyar da shi, birkin hannun da aka ɗaura kuma bai isa ba. Wuta ta kama a kan jirgin, 'yan kwana-kwana suka kashe injin, iska ta riƙa sulalewa a hankali har birkin ya saki ba tare da bawul ɗin gaggawa ya farga ba. Jirgin ya gangaro tsakiyar gari ya fashe, mutum 47 suka mutu.

Tirelolin da ke bin hanyar Legas zuwa Kano ma jikokin dabarar 1872 ne. A ƙafafunsu na baya akwai sifirin mai ƙarfi da iska ke dannewa, in iska ta ƙare ya damƙe taya. To me ke sa a ce birki ya tsinke? Lodi ya wuce kima, birki ya yi zafi a doguwar gangara har ya daina kamawa. Abin da ke damƙe tayar ya cinye ba a canza ba. Ko kuwa an ɗaure sifirin da ƙusa don motar da iskarta ke yoyo ta ci gaba da aiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai shi, da bakanikensa, da jami'in da ya duba takarda ya ɗaga hannu.

Za a ce gyara da tsada, masu motoci kuma na fama da tsadar mai da kayan gyara. Gaskiya ne, kuma hujjar da kamfanonin jiragen Birtaniya suka kafa ke nan kafin Armagh. Kuɗin da mai mota ya ƙi kashewa a gareji ba ya ɓacewa, mai talla a bakin titi da fasinjan ƙaramar motar da ke gaba su ke biya. Imani da ƙaddara kuwa bai taɓa ɗauke wa kowa alhakin sakaci ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka sake jin cewa birki ya tsinke, abin da ya kamaci ɗan jarida da jami'in kiyaye haɗura shi ne su nemi sanin nauyin lodin, da ranar da aka duba birkin na ƙarshe, da sunan wanda ya sa hannu.