A Madekali, rubutun bashi ya fi rantsuwa

Tun da aka rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, masu saye sun ragu a wannan yanki, kuma ƙaramin ɗan kasuwar Madekali ya shiga lallashin duk wanda ya tsaya gaban rumfarsa. Mai tsananta tayi da mai kushe kaya don a rage masa, haƙuri da sakin fuska sun ishe su, ciniki ya gaji haka. Wanda ke karya jari shi ne mai ɗaukar buhun shinkafa ko albasa bashi da baki kawai, ranar biya kuma ya kawo gardama. Garin Madekali yana dab da iyakar jihar Kebbi, sefa da naira duk suna yawo a hannu. Idan an yi ciniki da sefa, mai saye ya dawo da naira bayan darajarta ta faɗi, asarar tana kan mai kaya. Maganinsa a rubuta yawan kaya, irin kuɗin da ranar biya, gaban shaida.

Wasu za su ce fito da littafi gaban maƙwabci rashin kunya ne, zai kore shi zuwa babbar kasuwar Malanbil. To, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma musun adadi ya fi takarda ɓata zumunci. Wanda ya fusata don an nemi ya sa hannu, da wuya ya yi niyyar biya tun farko. 'Yan kasuwar Madekali, ku bar shi ya tafi.