Tukhachevsky: Wanda Ya Wasa Takobi Ya Faɗa Kansa

A wannan mako ina so mu leƙa tarihin Rasha, mu dubi rayuwar Mikhail Tukhachevsky, domin akwai darasi a cikinta ga duk mai riƙe da makami ko muƙami.

An haife shi a 1893 a gidan masu asali. Ya yi wa Sarkin Rasha aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa suka kama shi a 1915, ya tsere a 1917. Da ya dawo gida ya tarar juyin juya hali ya kifar da sarauta, sai ya shiga rundunar 'yan Bolshevik a 1918. Bai kai shekara talatin ba ya riga ya jagoranci manyan rundunoni, duk da kayen da ya sha a ƙofar Warsaw a 1920. A 1935 ya zama ɗaya daga cikin Marshal biyar na farko a Tarayyar Sobiyet, kuma yana cikin waɗanda suka fara hango cewa tankoki da jiragen sama ne za su raba gardama a yaƙin gaba.

Amma a 1921 shi ne ya murƙushe boren sojojin ruwa na Kronstadt. A wannan shekarar kuma ya far wa manoman Tambov da suka yi tawaye saboda ƙwace musu hatsi: aka yi garkuwa da iyalansu, aka harbe mutane ba shari'a.

A watan Mayu na 1937 Stalin ya sa aka kama shi bisa zargin ƙulla makirci da Jamus. Aka tilasta masa amsa laifi. Ranar 11 ga Yuni aka yi masa shari'ar sirri ta yini ɗaya tare da hafsoshi bakwai, aka harbe su. Marshal Blyukher, da ke cikin alƙalan, shi ma ya mutu a tsare a 1938. Sai a 1957 hukuma ta wanke Tukhachevsky.

Ƙazafi aka yi masa, ba shakka. Sai dai a ganina, shari'ar da ya rasa a 1937 ita ce wadda aka hana manoman Tambov a ƙarƙashinsa. Wanda ya taya gwamnati taka doka yau, gobe in ya nemi dokar ba zai same ta ba. Shi ya sa magabata suka ce in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere.