Kukan Da Aka Yi A New York Ba Na Banza Ba Ne

Mun san da yawa daga cikin 'yan matanmu na makaranta sun san Cynthia Erivo, watau matar nan da aka shafe wa fuska da koren launi a fim ɗin Wicked na 2024. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tun kafin masu silima su san da zamanta, akwai mutanen da suka yi wata da watanni suna zubar da hawaye saboda muryarta, sa'an nan suka sake zubar da wasu da aka ce wasan da take ciki ya zo ƙarshe. Sha'anin waɗannan mutane za mu duba yau, domin mun sha jin ana cewa duk wanda ya yi kuka a kan wasan kwaikwayo rashin aikin yi ne ke damunsa. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba.

Da farko bari mu gaya muku inda abin ya faru. A tsakiyar birnin New York na ƙasar Amurka akwai wata unguwa mai manyan gidajen wasa wajen 40, ita ake kira Broadway. Ba majigi ake nunawa a ciki ba. Mutane ne da ransu ke hawa dandamali, ga makaɗa a zaune, ana cikin magana in abu ya kai inda baki ba zai iya faɗa ba sai a juya shi waƙa. Galibi sau 8 ake yin wasa a mako, kuma kujera mai kyau takan haura dala 100. Muddin jama'a na zuwa, wasa na ci gaba. Ran da ciniki ya kasa ɗaukar albashin ma'aikata da kuɗin hayar gida, sai a sa ranar rufewa.

Wasan da muke magana a kai sunansa The Color Purple, watau launin shunayya. Asalinsa littafi ne da Alice Walker ta fitar a 1982, wanda ya sa ta zama baƙar mace ta farko da ta sami lambar Pulitzer ta ƙagaggun labarai a 1983. Labarin wata yarinya ce, Celie, a ƙauyukan jihar Jojiya, farkon ƙarni na 20. Tana da shekara 14 mutumin da take ɗauka mahaifinta ne ya riga ya lalata ta, ta haifi 'ya'ya biyu, ya raba ta da su. Daga nan ya aurar da ita ga wani mai 'ya'ya barkatai, har da ƙarin saniya don ya yarda ya karɓe ta, alhali kuwa ƙanwarta Nettie mutumin yake so. Da Nettie ta ƙi ba shi fuska sai ya kore ta daga gidan. Ta tafi tana alkawarin za ta riƙa rubuto wasiƙa. Ta kuwa cika alkawari, shekara da shekaru tana rubutowa daga Afirka, inda ta bi wasu 'yan mishan. Mijin yana karɓar wasiƙun yana ɓoyewa. Celie ta zauna tana zaton 'yar'uwarta ta mutu.

Sau biyu aka kai wannan labari Broadway. Na farko a Disamba 2005, da kuɗi dala miliyan 11, da Oprah Winfrey cikin masu ɗaukar nauyi. An ƙawata dandamali, ga gidaje, ga gonaki, ga raye-raye, ga tufafi iri-iri. An yi shi sau 910 kafin a rufe a Fabrairu 2008. Jama'a sun so shi, amma masu sharhi a jaridu da dama sun ce adon ya yi yawa har ya danne labarin.

To, a 2013 sai wani mai shirya wasa ɗan ƙasar Sikotilan, John Doyle, ya farfaɗo da shi a wani ɗan ƙaramin gidan wasa na Landan wanda bai cika ɗaukar mutum 200 ba. Abin da ya yi shi ne ya kwashe kayan adon nan kakaf, ya rage tsawon wasan. Abin da ya bari bangon katako ne da kujerun katako rataye a jikinsa, shi ke nan. In ana son coci a jera kujeru, in ana son gidan rawa a juya su. Haihuwa kuwa farin ƙyalle ne Celie ke jawowa daga cikin rigarta ta naɗe shi ya zama jinjiri. Afirka ma 'yan yadudduka ne masu launi da kwanduna. (Af, ƙabilar Olinka da Nettie ta zauna a cikinta ƙirƙirarriya ce, kada wata ta je nemanta a taswira.) Wadda ya ba matsayin Celie ita ce Cynthia Erivo, haifaffiyar Landan, iyayenta 'yan Nijeriya ne daga ƙasar Ibo, mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya. A lokacin ba ta yi wani suna ba. Wannan shiri ne aka ɗauka aka kai New York, aka buɗe shi ran 10 ga Disamba 2015 a gidan wasa na Bernard B. Jacobs. A 2016 ya ci lambar Tony ta wasa mai waƙa da aka farfaɗo, ita kuma Cynthia ta ci ta gwanar 'yan wasa mata.

Cikin watannin ƙarshe na 2016 aka ba da sanarwar za a rufe ran 8 ga Janairu 2017. Wannan ba baƙon abu ba ne a can, domin da zarar an gama hutun Kirsimeti baƙi sun watse, sanyi ya kankama, wasanni da dama kan rufe a farkon Janairu. Amma masoyan wasan ba su ɗauke shi ƙaramin abu ba. Waɗanda suka gani sau ɗaya suka koma, waɗanda suka gani sau da yawa suka ƙara. Ana tashi sai a ga mutane tsaye cikin hunturu a ƙofar da 'yan wasa ke fita, kowa riƙe da ɗan littafin shirin wasan yana jira a sa masa hannu. Gardama kuwa ba a magana. Mata uku ne manya suka riƙe matsayin mawaƙiya Shug Avery bi da bi, Jennifer Hudson da Heather Headley da Jennifer Holliday, kowacce da nata magoya baya. Ana tuna daren Afrilu 2016 da mawaƙi Prince ya rasu, 'yan wasan suka tsaya bayan an gama suka rera waƙarsa tare da 'yan kallo. Ana tuna yadda mutane kan miƙe tsaye suna tafi tun wasa bai ƙare ba, in Celie ta gama waƙarta ta kusa da ƙarshe, wadda a cikinta take shaida wa kanta cewa ita ma mutum ce.

Wata za ta ce, to ai ga faifan waƙoƙin nan an buga, har ya ci lambar Grammy a 2017, kukan me ake yi? Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce, fim in kin so ki kalle shi yau, ki kalle shi baɗi, ba abin da zai sāke. Wasan dandamali kuwa kamar girki ne, na jiya daban, na yau daban, ko da hannu ɗaya ne ya tuƙa. Cynthia ba ta shafa komai don ta nuna tsufa, alhali labarin ya ratsa shekara 40. Da tafiyarta da yadda take riƙe kafaɗa ake gane yarinya ta zama dattijuwa. Wannan faifai ba ya ɗaukarsa. Wadda ta taɓa yin wasan ƙarshen shekara a makaranta ta san yadda zuciya kan yi washegari, in an kwance labule an mai da bencina aji.

Amma a ganinmu akwai abin da ya fi wannan. Da aka kwashe adon, ba sauran inda ido zai gudu ya ɓuya. Tilas ki dubi matar nan tsaye ita kaɗai, kuma mata da yawa da suka dube ta, wata suka gani wadda suka sani. Ku ɗauki zancen wasiƙun nan. Dukan da mijin ke yi mata mugunta ce, ba shakka, amma ɓoye wasiƙun ya fi dukan ciwo, domin da shi ya sa ta yarda ba ta da kowa a duniya. Macen da ta yarda ba ta da kowa, ba ta ko tunanin kai ƙara. Yau ba a cika ɓoye wasiƙa ba, sai dai a karɓe waya, ko a ce ba zuwa gida sai ranar rasuwa. Ku kuma 'yan makaranta ku lura da abu guda: da Celie ba ta iya karatu ba, ko an tono wasiƙun an zube mata a cinya, takardun banza ne.

Akwai kuma wani wuri da 'yan kallo kan yi tsit. Ɗan mijin Celie, Harpo, ya auri Sofia, mace mai ƙarfin hali da ba ta ɗaukar raini. Ya zo yana neman shawarar yadda zai lanƙwasa ta. Celie, wadda ta fi kowa sanin zafin bulala, ita ce ta ce ya dake ta. Me ya kai ta? Ba ƙiyayya ba ce. Ganin wata mace na yin abin da ita ta kasa ne ya tsaya mata a rai. Sofia ta zo ta tsare ta ido da ido, Danielle Brooks kuwa da ta riƙe wannan matsayi takan sa gidan ya ɗauki sowa. Mu dai wurin Celie hankalinmu ya fi tsayawa. Sau nawa uwar miji ko yaya ko kishiya ke faɗin irin wannan magana, don kawai ita ma haka aka yi mata?

Ba mu ce komai na labarin zai kwanta wa kowa a rai ba. Shaƙuwar Celie da Shug ta wuce ta ƙawance, kuma wannan tare da zafin wasu wurare ya sa an sha neman a cire littafin daga makarantu a Amurka kanta. Wasu baƙaƙen maza kuma tun fitowar fim ɗin Steven Spielberg a 1985 suke ƙorafin an zana su da baƙin fenti. Uwa ita ta san abin da ya dace da shekarun 'yarta. Haka nan masoyan wasan sun rabu a kan ƙarshensa, inda mijin ya tuba, ya taimaka aka dawo da Nettie da 'ya'yan Celie gida. Wasu na ganin an yafe masa da arha. Mu abin da muka lura shi ne, lokacin da ya dawo neman a mai da aure, Celie ta riga ta kafa sana'arta ta ɗinkin wanduna, ga gidan da ta gada. Ta daina gaba da shi, amma ba ta koma ɗakinsa ba.

Saura zancen masu cewa da an nemo wata a madadin Cynthia an ci gaba. Muna jin zafinsu, amma ba mu bi bayansu ba. Wasan da aka ɗora kacokan a kan murya ɗaya, gara a rufe shi gida na cike da a bari ya riƙa ja da gindi har kujeru su fara zama wayam. Labarin ma bai mutu ba. An zaga da shirin biranen Amurka daga ƙarshen 2017 da wasu 'yan wasa, a 2023 kuma Blitz Bazawule ɗan ƙasar Gana ya mai da shi fim mai waƙa, Danielle Brooks ta sake fitowa a Sofia. Sai dai wancan haɗuwar, ta waɗancan mutane a wancan ɗaki, ita ce ba ta maimaituwa, kuma ita ake wa kuka.

Ranar Lahadi 8 ga Janairu 2017 aka yi na ƙarshe, bayan an yi wasan kimanin sau 450. Cikin 'yan kallo har da Hillary Clinton da mijinta da 'yarsu, wata biyu bayan ta faɗi zaɓen shugaban ƙasa. Tana shigowa jama'a suka miƙe suna yi mata tafi. Ranar ce kuma Cynthia Erivo ta cika shekara 30 da haihuwa. Bayan an watse ma'aikata suka sauke kujerun daga bango, kafin ƙarshen Afrilu wani wasa mai suna Bandstand ya tare a gidan.